Kukan Wanda Ba Mu Yarda Da Shi Ba: Shin Wajibi Ne A Saurara?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ɗan Adam kuma Ya girmama shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. 

Maganarmu ta wannan mako tana da nauyin faɗa, kuma lalle akwai waɗanda za su ce da ma an bar ta. Amma malaman da suka gabace mu ba su bar ta ba, sun rubuta ta a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, saboda haka babu dalilin da zai sa mu ji kunyar abin da su ba su ji kunyarsa ba. Tambayar kuwa ita ce: idan mutanen da ba mu yarda da hanyar rayuwarsu ba suka fito kan titi suna kukan an zalunce su, mene ne ya wajaba a kan Musulmi? Ya toshe kunnensa saboda ƙin hanyarsu? Ya karɓi dukkan abin da suka zo da shi saboda tausayinsu? Ko kuwa akwai wani matsayi a tsakanin biyun nan?

An fi jin amon fafutukar masu sauya jinsi a Amurka da Turai, tun daga tarzomar Stonewall ta birnin New York a 1969. Amma misalinmu daga Pakistan za mu ɗauko shi, ƙasar da tsarin mulkinta ya ce ba za a kafa dokar da ta saɓa wa Alƙur'ani da Sunna ba, domin a can gardamar ta kasance ne tsakanin masu salla da masu salla.

SU WANE NE KHWAJA SIRA?

A Pakistan da Indiya da Bangaladesh akwai wata jama'a daɗaɗɗiya wadda ake kira khwaja sira, waɗansu kuma su ce hijra, kalmar da bai kamata mai karatu ya rikita ta da Hijirar Manzon Allah ba. A cikinsu akwai waɗanda aka haifa mata-maza, akwai dandaƙaƙƙu, amma mafi yawansu an haife su ne da jikin maza, suka tashi da ɗabi'a da murya da tafiya irin ta mata, suna cewa zuciyarsu ta mace ce. Bahaushe zai tuna da 'yan daudu, kuma akwai kama, sai dai su khwaja sira jama'a ce mai gidaje da tsari, kowane gida da shugabansa wanda ake kira guru, da almajiransa da yake ci da su. Yawancinsu yaran da iyaye suka kora ne, ko kuwa duka da gori suka kore su, gidan guru ya karɓe su. Abincinsu daga rawa a wurin biki da suna yake fitowa, da bara a bakin titi, waɗansu kuma talauci ya jefa su cikin karuwanci.

Ba haka suka faro ba. Sunan khwaja sira kansa na dandaƙaƙƙun fadar sarakunan Mugal ne, waɗanda aka amince wa su tsare gidajen sarauta, har waɗansunsu suka riƙe manyan muƙamai. Da Ingilishi suka mallaki ƙasar sai suka kafa wata doka a 1871, wadda ta sa a rubuta sunayensu a littafin 'yan sanda tamkar masu laifi. Dokar ta hana wanda aka rubuta fita da tufafin mata ko yin rawa a bainar jama'a, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 2, ta kuma hana shi yin wasiyya da ɗaukar ɗan riƙo. Ashe ke nan wani kaso na wulaƙancin da ake yi musu yau gadon mulkin mallaka ne, ko da yake masu yinsa kan ɗauka addini suke karewa.

A watan Mayu na 2016 aka harbi ɗaya daga cikin masu fafutukarsu a birnin Peshawar, mai shekara 23, wadda jama'arta suka sani da suna Alisha. Aka garzaya da ita asibitin Lady Reading. Waɗanda suka raka ta sun ba da labarin cewa an ɓata lokaci ana muhawara a kan ko ɗakin maza za a kwantar da ita ko na mata, alhali kuwa jini yana zuba, waɗansu mutane kuma suna tsaye suna yi musu ba'a. Bayan 'yan kwanaki rai ya yi halinsa. Har ila yau, a watan Satumba na 2025 an tsinci gawarwakin uku daga cikinsu a gefen birnin Karaci, an harbe su. Ruwa ba ya tsami banza. Irin waɗannan abubuwa ne suka fitar da su kan titi.

YADDA DOKA TA ZO, YADDA KUMA AKA ƘALUBALANCE TA

Wanda ya fara kai kukansu gaban shari'a lauya ne masanin fiƙihu, Dokta Muhammad Aslam Khaki, a 2009, bayan 'yan sanda sun ci zarafin waɗansunsu a garin Taksila. Kotun Ƙoli, a ƙarƙashin Babban Joji Iftikhar Muhammad Chaudhry, ta yi umarni a ƙidaya su a ba su katin shaida, sa'an nan daga baya ta tabbatar musu da haƙƙin jefa ƙuri'a da haƙƙin gado. Ƙidayar jama'a ta 2017 ta samu mutum 10,418 daga cikinsu a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, su kuwa suka ce adadinsu ya fi haka nesa ba kusa ba, tsoro ne ya hana da yawa bayyana kansu.

A watan Mayu na 2018 majalisar ƙasar ta zartar da dokar kare haƙƙinsu. Dokar ta hana a nuna musu bambanci a makaranta da asibiti da wurin aiki, ta umarci gwamnati ta buɗe musu gidajen mafaka, ta kuma sa ɗaurin da ya kai wata 6 ko tarar rupi 50,000 a kan duk wanda ya tilasta musu bara. Amma a cikinta akwai sashen da ya ce jinsin mutum shi ne abin da shi kansa yake ji a ransa, a rubuta masa shi a katin shaida ba tare da binciken likita ba, kuma rabon gado ya bi wannan.

Wannan sashe ne ya ta da ƙura. A 2022 jam'iyyar Jama'ati Islami, ta bakin Sanata Mushtaq Ahmad Khan, ta nemi a gyara dokar a sa kwamitin likitoci ya riƙa tantancewa, tana cewa in an bar ta haka an buɗe ƙofar auren jinsi ɗaya da ruɗa gado. Majalisar da ke ba gwamnati shawara kan al'amuran Musulunci ita ma ta ce akwai sassan da suka saɓa wa Shari'a. Khwaja sira suka amsa da cewa tsiraita mutum gaban kwamiti kafin a ba shi kati wulaƙanci ne, kuma katin da ake ba su alamar jinsi na uku yake ɗauke da ita, ba a ɗaura aure da shi. Ranar 20 ga Nuwamba, 2022, ɗaruruwansu suka yi jerin gwano a Karaci, wanda suka kira Moorat March, suna neman a bar dokar, a kuma hukunta masu kashe su. Masu adawa da dokar su ma sun yi nasu tarurrukan. Ranar 19 ga Mayu, 2023, Kotun Shari'a ta Tarayya ta yanke hukuncin cewa jinsi yana bin halittar jiki ne, ba ya bin abin da mutum ya ji a ransa. Ta rushe sassan da suka shafi zaɓen jinsi da gado, ta tabbatar da matsayin mata-maza a Shari'a, aka kuwa ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli.

ABIN DA MALAMAI SUKA RIGA SUKA FAƊA

A harshen Larabci kalmomin nan biyu, hunsa da muhannas, daga tushe ɗaya suka fito, wanda ma'anarsa ta koma ga lanƙwasa da taushi. Amma a wurin malaman fiƙihu hukuncinsu ya bambanta.

Hunsa shi ne mata-maza, watau wanda aka haifa da gaɓoɓin da suka rikitar. Tun kafin Musulunci Larabawa sun san matsalarsa. Masu tarihi sun kawo labarin alƙalinsu Amiru ɗan Zaribi, wanda aka kawo wa shari'ar gadon mata-maza ya kwana bai runtsa ba, har baiwarsa mai kiwo, Suhaila, ta ba shi shawarar ya bi mafitar fitsari. Malamanmu suka zo suka faɗaɗa alamomin, suka haɗa da gemu da nono da haila. Wanda alamominsa suka ƙi rinjayar da gefe ɗaya suka kira shi hunsa mushkili, suka kuma ba shi sahunsa na salla a tsakanin sahun maza da na mata. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda almajiran ƙasar nan suke sauka a gaban malamansu, da mas'alar gadon hunsa aka rufe shi.

Ga misali domin a ga irin kulawar da suka yi. Mutum ya rasu ya bar naira 120,000, da ɗa namiji ɗaya da hunsa mushkili ɗaya. Da hunsan namiji ne da ya sami 60,000, da mace ce da ta sami 40,000. A mazhabarmu ta Malikiyya sai a ba shi rabin wannan da rabin wancan, watau 50,000, ɗan'uwansa ya ɗauki 70,000. A wurin Imamu Abu Hanifa, wanda mazhabarsa ce ta rinjaya a Pakistan, ana ba shi mafi ƙarancin rabon biyu, watau 40,000. Shafi'awa kuwa su ba kowa abin da babu shakka a kansa, hunsa 40,000, ɗan'uwansa 60,000, a ajiye 20,000 har al'amari ya bayyana ko su yi sulhu. Sun saɓa a kan yawan rabon, amma babu ko ɗayansu da ya ce a hana shi, balle a kore shi daga gida.

Muhannas kuwa shi ne namijin da ke da ɗabi'ar mata. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Wannan hadisi ingantacce ne, babu mai iya goge shi. Amma Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kasa muhannas kashi biyu: wanda aka halitta haka bai ƙirƙira ba, ya ce wannan babu zargi kuma babu zunubi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wanda shi ne abin zargi. Ibnu Hajar ya ƙara da cewa shi ma na farkon ana umartarsa ya yi ƙoƙarin barin abin a hankali gwargwadon ikonsa. Kuma ya tabbata cewa wani muhannas yana shiga ɗakunan Uwayen Muminai, ana ɗaukarsa cikin marasa sha'awar mata, har ranar da Annabi ya ji shi yana siffanta jikin wata 'yar Ɗa'ifa ga ɗan'uwan Ummu Salama. Daga ranar ne aka hana shi shiga, saboda abin da bakinsa ya furta.

Game da aikin tiyata na zamani, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1989, ta ce bai halatta wanda halittarsa ta cika namiji ko mace ya sauya ba, amma mata-maza ya halatta a yi masa magani ko tiyata domin a kawar da ruɗanin. Wannan shi ne ra'ayin mafi yawan malaman Sunna. A Iran kuwa Ayatullahi Khumaini ya ba da fatawar halatta sauyin a shekarun 1980, ana kuma aiki da ita a can.

DA'AWA KAƊAI BA TA ISA BA

To, ina gaskiya take? A ganina, a kan wannan gaɓa guda ta zaɓen jinsi, Kotun Shari'a ta tsaya ne inda ƙa'idar fiƙihu ta tsaya. Abin da mutum yake ji a ransa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma ba ni da ikon in ce ƙarya yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma gado da aure da limanci da shiga wurin da mata suka keɓe, haƙƙoƙi ne da suka rataya da waɗansu mutane. In rabon wannan ya ƙaru, na wancan ne ya ragu. Ƙa'idar Shari'a kuwa ita ce ba a ba mutum abin da ke hannun wani saboda da'awarsa kaɗai, sai ya kawo hujja. Alƙali ba ya ganin zuciya, abin da ya bayyana yake hukunci da shi.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan zurfi. Falsafar da ke bayan yawancin wannan fafutuka a ƙasashen Yamma ita ce mutum shi ya mallaki jikinsa, shi ke faɗin ko shi wane ne. Musulmi kuwa ya yi imani cewa jikinsa amana ce da aka ba shi, za a kuma tambaye shi a kanta. Waɗannan tushe biyu ba sa haɗuwa, kuma wanda ya ce wa Musulmi ba za a yarda yana da tausayi ba sai ya bar tushensa, shi ma ya yi zalunci. Wannan shi ne aibin da ke cikin yawancin jerin gwanon zamani: a ƙulla buƙatu goma a ƙunshi ɗaya, a ce ko ka ɗauka duka ko kai maƙiyi ne.

Sai dai fa kada mu yi saurin murna. Hukuncin kotun ya warware matsalar hunsa, wanda likita zai iya tantancewa. Amma mafi yawan khwaja sira ba hunsa ba ne, kuma da yawansu sun fi kusa da kashin farko na Nawawi, waɗanda tun suna yara haka aka gan su. In an ce katinsu ya koma na maza, shi ke nan an gama? Wa zai ɗauke su aiki? Wane sahu za su tsaya ba a kore su ba? Kotu ta amsa tambayar da aka yi mata, amma tambayar da ta fitar da su kan titi tana nan ba a amsa ba.

ADALCI BA LADAN BIYAYYA BA NE

Malaman lugga sun ce asalin ma'anar zalunci shi ne ajiye abu a inda ba muhallinsa ba. Tambayar namiji ne ko mace tana da muhallinta, watau wurin rabon gado da ɗaurin aure. Wanda ya ɗauko ta ya ajiye a ƙofar asibiti, gaban mutumin da harsashi ke cikinsa, ya yi zalunci da ainihin ma'anar kalmar. Akwai haƙƙoƙin da ba su rataya da jinsi ba ko kaɗan: a tsare ran mutum, a yi masa magani, a koya masa karatu, a bar shi ya nemi halal, in ya mutu yana Musulmi a sallace shi a rufe shi. Allah Ta'ala Ya ba da labari a cikin suratul Isra'i, aya ta 70, cewa Ya girmama 'ya'yan Adam, bai kuwa keɓe masu kyakkyawar ɗabi'a kaɗai ba. A suratul Ma'ida, aya ta 8, Ya hana ƙiyayyar wata jama'a ta kai mu ga barin adalci. Malaman tafsiri sun ce a kan abokan gaba kafirai ayar take magana. Ina ga mai faɗin kalmar shahada?

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira cewa an kawo wa Annabi wani muhannas da ya yi lalle a hannu da ƙafa, ya yi umarni a fitar da shi zuwa Naƙi'u, wani wuri a wajen Madina. Aka nemi izinin kashe shi, ya hana, ya kuma bayyana cewa an hana shi kashe masu salla. A lura da kyau: hukuncin a hannun shugaba yake, kuma jinin mutumin yana nan da alfarmarsa. Buhari kuma ya kawo labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, da ake yi wa laƙabi da Himar, wanda aka sha yi wa bulala saboda giya. Ranar da wani ya la'ance shi Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Daga nan ne malamai da yawa suka bambanta tsakanin la'antar aiki a dunƙule da la'antar wani mutum ayyananne. Saboda haka matashin da ya ɗauki hadisin Ibnu Abbas ya mai da shi izinin jifa da duka, bai fahimci hadisin ba, kuma laifin da ya ɗauka ya fi wanda yake ƙi girma.

Wani zai ce, in muka sassauta musu ai mun buɗe ƙofar ɓarna. Amsa ita ce a dubi inda ɓarnar ta shigo. Yaron da uba ya kora yana ɗan shekara goma sha, makaranta ta ƙi shi, mai shago ya ƙi ɗaukarsa, masallaci ya kore shi, sa'an nan muka gan shi yana rawa ko yana abin da ya fi rawa muni, muka ce ga shi nan, da ma mun faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma waɗanda ke biyan kuɗin alfashar da dare, sau da yawa su ne masu tofin Allah tsine da rana. Har ila yau, duk haƙƙin da Musulmi suka ƙi bayarwa da sunan addininsu, wani zai zo daga waje ya bayar da sunan tasa aƙidar, ya tafi da zukatan mutanen.

Akwai waɗanda suka gane haka. A watan Yuni na 2016 malamai 50 a birnin Lahor suka fitar da fatawa cewa hana waɗannan mutane gado haramun ne, wulaƙanta su da yi musu ba'a haramun ne, kuma jana'izarsu daidai take da ta kowane Musulmi. A 2020 aka buɗe musu makarantar Alƙur'ani a Dhaka, babban birnin Bangaladesh, aka kuma buɗe wata a Islamabad. A 2024 aka buɗe musu masallaci kusa da birnin Mymensingh, a filin da gwamnati ta bayar, bayan an sha korarsu daga masallatan unguwa. Abin farin ciki ne a ga suna neman Alƙur'ani da salla. Abin kunya ne kuma a ce sai da aka gina musu nasu daban kafin su sami wurin sa goshi.

HUKUNCIN FITA KAN TITI

Saura maganar zanga-zangar kanta. Malaman zamani sun saɓa a kanta. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta hana ta a 2011, tana ganin nasiha ita ce hanya, waɗansu malamai kuma suka halatta ta muddin ta lumana ce, babu ɓarnar dukiya babu zubar da jini. Amma babu saɓani a kan cewa wanda aka zalunta yana da izinin ɗaga murya, domin aya ta 148 ta suratun Nisa'i ta keɓe shi daga hanin bayyana mummunar magana.

Mu tuna da abin da ya faru a Makka kimanin shekara 20 kafin aiko Annabi. Wani baƙo daga Zubaid ya sayar wa Asi ɗan Wa'ilu kaya, ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya nemi mai taimako ya rasa, sai ya hau dutsen Abu Ƙubaisi ya ɗaga murya, Ƙuraishawa suna zaune kewaye da Ka'aba. Zubairu ɗan Abdul Muɗɗalibi ya miƙe, waɗansu dangogi suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, suka kuwa karɓo wa mutumin haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fuduli. Annabi ya halarce shi yana saurayi, kuma bayan Musulunci ya yabe shi, ya nuna da za a kira shi zuwa ga irinsa da ya amsa. Babu wanda ya tsaya binciken addinin baƙon nan ko halinsa. Abin da aka bincika shi ne, an ci haƙƙinsa ko ba a ci ba?

Wannan shi ne ma'aunin. Idan masu jerin gwano suka zo da ƙunshinsu, aikin mai hankali shi ne ya kwance ƙunshin ya duba ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake haƙƙi ne ya bayar da shi cikakke, ba tare da sharaɗin sai sun tuba tukuna ba, domin bashi ne a kansa. Abin da ya saɓa wa Shari'a ya ce bai yarda ba, a fili, da hujja da kyakkyawan lafazi. Ba da na farkon bai wajabta masa na biyun ba, ƙin na biyun kuma bai sauke masa na farkon ba. Sa'ad da Annabi zai aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya gargaɗe shi da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah, alhali kuwa mutanen da aka tura shi wurinsu a lokacin Ahlul Kitabi ne.

Mu ma nan gida ana haihuwar mata-maza, kuma sau da yawa kunya kan sa iyaye su ɓoye jaririn har lokacin da magani zai yi sauƙi ya wuce. Ina kira ga iyaye su kai irin wannan yaro ga likitoci tun da wuri, su kuma tambayi malamai hukuncinsa, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ina kira ga 'yan'uwana malaman makaranta kada su bari a mai da wani yaro abin dariya saboda muryarsa ko tafiyarsa, su ja shi a jika su yi masa tarbiyya da sauƙi. Limamai kuma su tuna ƙofar masallaci ta Allah ce, wanda ya fi kowa bukatar shigarta shi ne wanda muke ganin ya fi kowa nisa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare hannuwanmu da harsunanmu daga haƙƙin bayinSa, Ya shirye mu Ya shiryi zuriyarmu. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.